Sanda Ɗaya, Ruwa Iri-iri: Yadda Nake Zaɓen Sandar Fatsa a Ingila

Sandar fatsa ta farko da na saya da kuɗina ta fi ƙarfin duk kifin da na kama da ita a shekarar farko. Na shiga wani kantin kayan kamun kifi, na tarar da bangonsa cike da hotunan mutane rungume da manyan kifayen da ake kira kaf kamar masu riƙe da jarirai, sai zuciyata ta raya mini cewa ni ma irin wannan zan riƙa kamawa. Na ce wa mai kantin ina son sandar da babu kifin da zai iya karya ta, shi kuwa bai musa ba, ya miƙo mini wata mai tsawon ƙafa 12, mai kauri, wadda aka ƙera domin jifa mai nisa da kokawa da kifi mai nauyi. Da na kai ta wani ɗan tafki, abin da ke cizon kotona ƙananan kifayen roci ne waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. Duk lokacin da na fizga, ko dai ƙugiya ta yage daga leɓen kifin, ko siririn zaren da ke riƙe da ita ya tsinke, domin sandar ba ta lanƙwasa ko kaɗan balle ta sassauta ƙarfin hannuna. Laifin ba na mai kantin ba ne, abin da na tambaya shi ya ba ni.

Kamun kifin da nake magana a kansa shi ne wanda mutanen Birtaniya suke kira kos fishin, wato kamun kifayen ruwan daɗi in ban da salmon da tirawut da danginsu, waɗanda a da ake ɗauka na masu hannu da shuni ne. A cikin wannan rukuni akwai roci da birim da tenci da cob da babel da kaf da faik da wasunsu, kuma kusan dukkansu akan mai da su ruwa bayan an kama. Bambancin da ke tsakaninsu babba ne ƙwarai, domin roci mai nauyin laba ɗaya kifi ne da ake alfahari da shi, alhali kaf mai laba 20 ba abin mamaki ba ne a tafkuna da dama. Saboda haka ne kamfanoni suke ƙera sanda ta musamman ga kusan kowane kifi da kowace dabara, har mutum ya shiga kanti ya rasa inda zai sa ido.

Akwai kuma dalilin doka da ke sa mai fatsa a Ingila da Wales ya riƙa sauya ruwa ko da bai so ba. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an haramta kamun waɗannan kifaye a koguna, domin lokacin ne suke hayayyafa, amma yawancin tafkuna da magudanan jiragen ruwa suna nan a buɗe. Wanda ya saba da Kogin Trent ko Severn ko Thames, wata uku cur dole ya koma tafki, sannan ranar 16 ga Yuni ya dawo bakin kogi. Lasisin da hukumar kula da muhalli ta Ingila take sayarwa na sanda biyu ne ko uku a lokaci guda, kuma wanda aka kama yana fatsa babu shi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 2,500. Ke nan ko mutum ya tara sanduna goma a gida, kaɗan daga cikinsu ne za su ga ruwa a rana ɗaya, kuma shi ne zai saɓa su a kafaɗa ya ratsa gonaki da shingaye kafin ya isa inda kifin yake.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne lambar da ake rubutawa a jikin sanda kusa da mariƙi, wadda take nuna ƙarfin lanƙwasarta. Ma'anarta ita ce nauyin da za a rataya a tsinin sandar har tsinin ya karkato ya yi kusurwa ta digiri 90 da gindinta. Sanda mai laba 1.25 tana kaiwa wannan lanƙwasa da nauyin da ya ɗan haura rabin kilo, ita kuwa tawa ta farko mai laba 3 ce. Masu fatsa suna da wani tsohon lissafi na kimantawa: a ninka lambar sau biyar, abin da ya fito shi ne ƙarfin zaren da ya fi dacewa da sandar, kuma kowace laba ɗaya tana ba da damar jefa nauyin oza ɗaya, wato kimanin giram 28, cikin kwanciyar hankali. Bisa wannan lissafi, sanda mai laba 1.25 tana son zare mai laba 6, tana kuma iya aiki da wanda ya ɗan gaza haka ko ya ɗan ɗara, daga laba 4 zuwa 8. Tawa mai laba 3 tana neman zare mai laba 15, ni kuwa na ɗaura mata mai laba 3, don haka ba abin mamaki ba ne da ya riƙa tsinkewa. Lissafin ba doka ba ce, kuma sandunan zamani da ake ƙerawa da sinadarin kabon sukan ɗauki fiye da abin da ya nuna, amma da na san shi tun farko da ban yi asarar rani guda ba.

Sai dai lambar kaɗai ba ta faɗin komai, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sanduna biyu suna iya ɗaukar lamba ɗaya, amma ɗaya ta lanƙwasa a kashi ɗaya cikin uku na samanta kawai, sauran jikinta ya tsaya ƙyam, ɗayar kuma ta lanƙwasa tun daga tsini har cikin mariƙi kamar baka. Ta farkon ta fi jifa mai nisa da saurin soka ƙugiya daga nesa, amma ba ta da haƙuri idan kifi ya zabura a gab da ragar da ake tsamo shi da ita. Ta biyun ba ta kai ta nisa ba, amma tana shanye kowace zabura, tana kuma kare siririn zare da ƙaramar ƙugiya. Wanda yake neman sandar da za ta yi masa ayyuka da yawa, abin da ya kamata ya nema yana tsakanin biyun: tsini mai laushi wanda ƙaramin kifi zai iya tanƙwarawa, da jiki mai ƙara tauri sannu a hankali gwargwadon yadda kifi yake ja, da gindi mai ajiyar ƙarfi wanda ba a jin sa sai ranar da ake bukatarsa. A ganina wannan siffa ta fi tsawo muhimmanci, ta fi sunan kamfani, ta kuma fi kuɗin da aka biya.

Tarihin abin ma yana goyon bayan sanda mai laushi fiye da yadda tallace-tallacen yau suke nunawa. A watan Satumba na 1952 Richard Walker ya kama kaf mai nauyin laba 44 a tafkin Redmire da ke Herefordshire, da wata sandar gora mai ƙafa 10 da ya tsara da kansa, wadda ƙarfinta bai wuce laba ɗaya da rabi ba. Wannan kifi ya riƙe kambun kaf mafi nauyi a ƙasar har zuwa 1980, lokacin da Chris Yates ya kama wanda ya haura laba 51 a tafkin nan dai, shi ma da sandar gora. A yau idan mutum ya je neman kaf da sanda mai laba ɗaya da rabi sai a riƙa kallonsa kamar bai san abin da yake yi ba. Gaskiya ne dabaru sun canza, yanzu ana jefa dalma mai nauyi zuwa nesa, kuma wannan yana bukatar sanda mai tauri, amma taurin na jifa ne, ba kokawa da kifin ce ta wajabta shi ba.

Sandar da ta gāji wannan tsari ita ce ake kira Abon, da sunan Kogin Avon na Hampshire inda aka daɗe ana kamun cob da babel. Tsawonta ƙafa 11 ne ko 12, ƙarfinta tsakanin laba ɗaya da ɗaya da rabi, kuma tana lanƙwasa har tsakiya. Irin da na fi ba mutane shawara a kai ita ce mai kai biyu, wato gindi ɗaya da sassan sama guda biyu da ake musanyawa. Kai na farko na gama-gari ne, wanda ake amfani da shi da fulot, ɗan siririn abin nan mai shawagi a kan ruwa da ke nutsewa idan kifi ya ɗauki koto, ko kuma a jefa koto babu wani nauyi ruwa ya tafi da shi. Kai na biyu yana ƙarewa da wani siririn tsini mai launi wanda yake rawa idan an taɓa koto a ƙasan ruwa, shi ake amfani da shi da dalma ko da fida, ɗan kejin nan da ake cusa wa abincin kifi a jefa tare da ƙugiya. Da sanda ɗaya irin wannan na kama tenci a tafki da asuba, na kama cob a ƙaramin kogi da yamma, ban canza komai ba sai kai da ƙugiya.

Siririn tsinin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin rabin amfanin sandar a wurinsa yake. Ana auna shi da oza, kuma sanda mai kyau takan zo da biyu ko uku da ake cusawa a cire, misali mai oza 1 da mai 2 da mai 3. Na zaren gilashi ya fi laushi, yana lanƙwasa a hankali ba tare da kifi ya ji an riƙe shi ba, don haka shi ne na tafki da ruwa mai tafiya sannu, musamman ga birim da roci masu ɗar-ɗar. Na kabon ya fi tauri, yana kuma saurin miƙewa, shi ya sa ya dace da kogi. Kuskuren da na yi ta maimaitawa shi ne sa tsini mai laushi a ruwa mai gudu, sai ƙarfin ruwan kaɗai ya tanƙware shi gaba ɗaya, babu sauran wurin da cizon kifi zai bayyana. Abin da ake so shi ne tsinin da ruwan zai ɗan karkatar kaɗan kawai, yadda zai iya ƙara lanƙwasa idan kifi ya ja, ya kuma iya miƙewa idan kifi ya ɗaga fida ya taho da ita. Yadda ake ajiye sandar ma ya bambanta: a tafki akan kwantar da ita ƙasa-ƙasa a karkace da gaɓa don iska kada ta dame ta, a kogi kuwa akan ɗaga kanta sama domin a fitar da yawancin zaren daga cikin ruwa.

Wata yamma a ƙarshen rani ina zaune a gaɓar wani ɗan kogi a ƙarƙashin itacen da rassansa suka sauko har suna taɓa ruwa, na sa ɓawon burodi a ƙugiya da 'yar dalma da kyar take riƙe ƙasa. Rana ta faɗi, haske ya ragu har farin fentin tsinin kaɗai nake iya gani. Ya ɗan girgiza sau biyu, kamar an taɓa shi da yatsa, sannan ya tsaya. Na ɗora hannu a kan mariƙi ban ɗaga ba, ina ƙirga numfashina. Can sai ya fara karkata a hankali, bai tsaya ba, har sashen da ke ƙasa da shi ya bi. Da na ɗaga, cob ɗin ya nufi saiwoyin itacen kai tsaye kamar yadda suka saba, na kwantar da sandar gefe na riƙe, ta lanƙwasa har ina jin ta a ƙarƙashin tafin hannuna, zaren mai laba 6 yana kuka amma bai tsinke ba. Da tsohuwar sandata ce da tuni an rabu, da kuma wadda ta fi wannan laushi ce da kifin ya shige saiwoyi.

Duk da haka ba zan ce Abon mai kai biyu ta iya komai ba, domin akwai aikin da take yi a daddafe. Tura fulot ya bi gudun kogi, ana sakar masa zare kaɗan-kaɗan, yana ɗaya daga cikin mafi daɗin hanyoyin kamun roci da cob, kuma yana bukatar sanda mai tsawo da rashin nauyi. Sandar fulot ta asali ƙafa 13 ce, yawanci gida uku, wato sassa uku da ake haɗawa, an yi ta domin zare mai laba 2 zuwa 5. Ƙarin tsawon nan shi ne yake ba mutum damar ɗaga zare daga kan ruwa ya gyara shi a bayan fulot ba tare da ya janye koto daga hanyarsa ba, shi ne kuma yake kwashe zaren da sauri idan fulot ya nutse a nisan mita 20 ko 30. Abon mai ƙafa 11 tana iya yin wannan a ƙaramin kogi, amma a babban ruwa sai mutum ya ga cizo yana wuce shi, kafaɗarsa kuma ta gaji. Saboda haka idan aljihu ya yarda da sanda ta biyu, wannan ce, kuma na fi son irin da aka ɗan ƙara wa ƙarfi yadda za ta ɗauki zare har laba 6, domin tenci a cikin bado ko matsakaicin kaf ba sa tambayar irin sandar da mutum ya riƙe kafin su ciji koto.

Ita sandar fulot a hannu take wuni, ba a kan abin jingina ba, don haka daidaiton nauyinta ya fi yawan nauyin muhimmanci. Wadda nauyinta ya taru a gaba takan karya wuyan hannu kafin azahar, ko da a ma'auni ba ta fi wata nauyi ba. A duba zobbanta da zare yake bi ta ciki kuma. Masu tsayin ƙafa suna hana jiƙaƙƙen zare mannewa a jikin sanda ranar ruwan sama, amma idan ramukansu sun cika ƙanƙanta, ƙullin da ake yi wa fulot mai zamewa a ruwa mai zurfi zai riƙa sarƙewa a ciki, kuma da hunturu ƙanƙara takan toshe su. Na taɓa ɓata kusan rabin sa'a da sanyin safiya ina ƙoƙarin zura zare a irin waɗannan zobba da yatsun da suka sandare.

Batun tsawo da yawan gidaje kuwa ya danganta da inda mutum yake zuwa da abin hawansa. Ƙafa 11 ta fi sauƙin sarrafawa a ƙarƙashin itatuwa, ƙafa 12 ta fi amfani a faffaɗan ruwa. Sanda mai ƙafa 12 gida biyu, kowane gida ƙafa 6 ne, tana wahalar shiga ƙaramar mota ko bas, amma ana iya naɗe ta da zarenta da ƙugiyarta a jiki, a buɗe ta cikin minti ɗaya a bakin ruwa.

A kanti, girgiza sanda a iska kamar yadda kowa yake yi ba ya nuna komai sai kaɗan. Abin da nake yi yanzu shi ne in je da manaɗin zarena, in ɗaura shi in ji yadda suka zauna tare, sannan in zura zare a zobba in roƙi wani ya riƙe ƙarshensa, in ja sannu a hankali ina kallon inda lanƙwasar ta fara da inda ta tsaya. Idan na ga wani wuri ya yi tauri kwatsam, musamman a mahaɗar gidaje ko inda siririn tsini ya shiga jikin sanda, sai in mayar da ita. Nakan leƙa ta cikin zobban daga gindi don in ga ko suna kan layi ɗaya, nakan kuma tambaya ko ana samun tsinayen musanya, domin su ne suke fara karyewa, yawanci ba a bakin kifi ba, a ƙofar mota ko a reshen itace. Game da kuɗi, na lura cewa bambancin sanda mai arha sosai da matsakaiciya babba ne, amma bambancin matsakaiciya da mai tsada ƙwarai sai gwani ne zai ji shi. Gara a rage daga kuɗin sanda a sayi manaɗi mai birki mai santsi, domin sanda mai kyau da birki mai sarƙewa tsinkewar zare ce ƙarshensu.

Akwai wuri uku da nake ajiye sandunan nan biyu gefe ba tare da gardama ba. Manyan babel na Kogin Trent, musamman idan ruwa ya cika, suna bukatar fida mai oza 4 ko fiye kafin ta zauna a ƙasa, wannan kuwa aikin sanda mai laba 1.75 ne zuwa sama. Ba batun jifa kaɗai ba ne, babel kifi ne mai kokawa har sai ƙarfinsa ya ƙare, kuma idan aka ja lokaci da shi a ruwan rani mai ɗumi saboda sanda ta yi rauni, yana iya mutuwa bayan an sake shi. Haka ma manyan kaf a tafki mai faɗi ko mai ciyawa, sai kuma faik, wanda ake jefa wa mataccen kifi mai nauyi a matsayin koto, ake kuma sa masa waya a gaban ƙugiya saboda haƙoransa. Wanda zai mai da hankali kan ɗaya daga cikin waɗannan, ya sayi sandar da aka yi dominsa.

Wani abu da ba ya cikin zaɓe amma ya shafi kowace sandar zamani shi ne cewa kabon yana ɗaukar lantarki, kuma ba sai ya taɓa waya ba, wuta tana iya tsallakowa. Shawarar da ake bayarwa a Birtaniya ita ce a nisanci wayoyin lantarki na sama da aƙalla mita 30, a kuma kwance sanda kafin a wuce ƙarƙashinsu. Idan hadari ya taso da tsawa, nakan kwantar da tawa a ƙasa in matsa nesa da ita.

Yanzu jakata sanda biyu take ɗauka daga Yuni zuwa Maris, Abon mai ƙafa 11 da kawunanta biyu da tsinaye uku a cikin ɗan bututun roba, sai ta fulot mai ƙafa 13. Ita kuwa ta farkon nan mai laba 3 ban sayar da ita ba. Ta yi shekaru a bayan ƙofa tana tara ƙura, har wani hunturu da wani abokin fatsata ya ja ni neman faik a wani babban tafki, na ɗaura mata zare mai laba 15 da waya, na jefa mataccen kifi can nesa da gaɓa, kuma a ranar ne na fara ganin ta lanƙwasa.